Darasi: Abin da Ke Riƙe Mota a Gangara

Jama'a, yau darasinmu a kan mota ne. Yawancinmu a nan Sunke ba direbobi ba ne, amma ba wanda ba ya hawa mota ko babur zuwa kasuwar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Rayukanmu da hatsinmu suna hannun direba. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke riƙe mota in ta fuskanci gangara, ko gangaren rafi ne irin na ƙasarmu, ko babba irin na Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, inda manyan motoci da yawa suka yi haɗari.

Mu fara da rijiya. In mutum ya saki guga cike da ruwa, kana ya matse igiya don ya tsai da shi, me ya ke ji a tafinsa? Zafi. To, haka birki ya ke. In direba ya taka, sai takalman birki su matse ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Gogayyar nan ita ke cinye gudun mota, ta mai da shi zafi.

Ga ɗan lissafi. In aka ninka kaya da nauyin mota sau 2, zafin da birki zai sha kafin ta tsaya ya ninku sau 2. Amma in gudu ne aka ninka sau 2, zafin sau 4 zai ninku. Watau gudu ya fi kaya haɗari.

A doguwar gangara, in direba ya ɗora ƙafa bisa birki bai ɗaga ba, ƙarfe ba ya samun damar hucewa. Sai takalman su daina kamawa sosai. Man birki kuma ya kan tafasa. Sabon mai sai zafi ya wuce digiri 200 ya ke tafasa, amma tsoho wanda ya sha danshi ba ya kai haka. In ya tafasa, direba ya taka har ƙasa ya ji wayam. Shi ne mu kan ji an ce birki ya tsinke.

To, mene ne magani? A bar inji ya taimaki birki. In mota tana cikin giya, inji da tayoyi a haɗe su ke. Direba ya ɗage ƙafa daga totur, sai ya zama tayoyi ne ke juya inji dole. A motar fetur, ɗage ƙafar nan ya kan rufe ƙofar iska, inji ya yi ta ja da ƙyar, kamar maƙeri ya toshe kafar zugazugi kana ya ce zai buɗe shi. Ƙaramar giya, ta ɗaya ko ta biyu, ita ta fi riƙo, domin inji ya fi yawan juyawa kafin taya ta zaga sau ɗaya. Don haka tsofaffin direbobi su ke cewa, giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka.

Injin dizal ba shi da riƙo irin wannan, gama iskar da ya matse ta kan sake tunkuɗo fistin. A shekarar 1931 wani maƙerin injuna na Amurka, Clessie Cummins, yana saukowa da babbar mota daga wani dutse a Kalifoniya, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, saura kaɗan ya yi karo da jirgin ƙasa. Bai manta ba. Ya ƙago wata na'ura mai sakin iskar nan da zarar inji ya gama matse ta, don kada ta mayar da ƙarfinta ga tayoyi. An fara sayar da ita a 1961. Ita ce ke yin ƙarar nan mai kama da ganga in tirela tana saukowa. Waɗansu motoci kuwa salansa a ke toshewa da wani marfi, hayaƙi ya danne inji.

A 1997 kamfanin Land Rover ya fito da wata dabara a motarsa Freelander, yanzu ta yaɗu. Direba ya danna maɓalli kawai. Ko wace taya tana da abin auna juyinta, yana kai labari ga kwamfuta. In mota ta fara sauri, kwamfuta ta kama birkin tayoyi ta saki, ta kama ta saki, taya ɗai ɗai, har mota ta sauka da saurin mai sassarfa. Amma wannan ma da birki ta ke aiki, in ya yi zafi ainun sai ta dakata.

Yanzu mu dubi halinmu. Sau nawa mu ka ga direba ko mai babur ya kashe inji, ko ya cire giya a gangara, wai yana tsimin mai? Ya kori mataimaki ke nan, ya bar birki shi kaɗai. A babbar mota abin ya fi muni, domin inji ne ke tara iskar birki. Man cokali biyu bai kai ran mutum ba. In mun ga haka, mu yi wa direba magana da ladabi tun kafin a kai bakin gangara, gama in mota ta ɗauki gudu giya ba ta shiga da sauƙi.

Tambayoyi
1. Me ke sa birki ya yi zafi?
2. In gudu ya ninku sau 2, zafi sau nawa zai ninku?
3. Wace giya ta fi riƙe mota?
4. Rubuta abin da za ka ce wa direban da ya kashe inji a gangara.