Haruffa Masu Tafiyar Tsutsa da Matsayin Lanƙwasa a Rubutun Hausa

Abin da ya jawo wannan ɗan nazari shi ne wani littafin koyon karatu da na gani a hannun yara a wata firamare da ke gindin Dutsen Kufena. An buga shi da irin haruffan nan masu kwanciya zuwa dama, watau masu tafiyar tsutsa, kuma ba su da 'yan ƙafafun da ake yi wa haruffan jarida a ƙarshen kowane zane. Bakinsu a dunƙule yake, babu tsini. Haƙiƙa suna da daɗin kallo, domin sun yi kama da rubutun malami a allo. Harafin a da na g ma siffarsu ɗaya da wadda yaro yake yi da fensir.

To, amma Hausa tana da nata sharaɗi. Tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945, maɗaba'a ba ta wadatar da Bahaushe sai tana da ɓ da ɗ da ƙ. Lanƙwasar nan ita ce ta raba kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari. Waɗanda suka yi aiki da keken rubutu sun san wahalarta, don da biro ake bi ana ƙara ta bayan an gama bugu.

A nan ne haruffa masu kwanciya sukan gaza. Lanƙwasar ɗ dama take nufa, harafin kuma dama ya karkata. Saboda haka a kalma irin faɗi sai ta yi karo da ɗigon i, su zama dunƙule guda, musamman a takarda mai shan tawada. Ita kuwa ɓ, in an cika dunƙule ta, sai ta koma kamar lamba 6. Na ji yaro ya karanta ɓera da b ba lanƙwasa, ba kuwa laifinsa ba ne. Haka nan l da babban I sukan zama sanda ɗaya idan babu ƙafafu.

Cibiyar SIL ta fito da wani nau'i mai suna Andika musamman domin masu koyon karatu. Yana da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, an kuma bambanta l da I da 1 a cikinsa.

A ganina, masu kwanciyar nan wurinsu kanun darasi ne, da gajerun jimloli, da kalmomin misali a takardun nazarin harshe, inda a da muke ja wa layi. Dogon labari kuwa a bar wa miƙaƙƙu. Kafin ɗalibi ya zaɓi wani nau'i domin kundinsa, ya fara buga faɗi, ɓauna da ƙiƙiri da ƙananan haruffa, ya miƙa wa na kusa da shi ya karanta.