Bani Isra'ila da Fir'auna

Kowa a ajin nan ya san Cika-ciki, goma ga Muharram. Amma mun san dalilin azumin ranar?

Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je Madina, ya tarar da Yahudawa suna azumi. Suka ce ran nan ne Allah ya tserar da Annabi Musa da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna. Shi ma ya yi azumin, ya umarci Musulmi su yi.

Bani Isra'ila bayi ne a Masar. Aikinsu kwaɓa ƙasa da yin tubali. A labarin Yahudawa, Fir'auna ya hana su ramno, ya ce su nemo da kansu, kuma kada tubalin ya ragu ko ɗaya. Wanda ya taɓa yin gini ya san wannan mugunta ce. Har yau Yahudawa suna idi kowace shekara don tunawa da fitarsu. Suna cin gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci. Ƙaramin yaron gida ya yi tambaya, manya su ba shi labarin, don kada a manta.

Mu ma a ƙasarmu an yi bauta. An sayar da mutane a Kasuwar Kurmi ta Kano, sai da Turawa suka ci garin a 1903 aka hana. Sarakuna suna da bayin gandu a wurare irin su Fanisau. Wani bawa yakan biya murgu don ya yi aikin kansa, wani ya fanshi kansa. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936.

Yanzu matasan ƙauye sukan tafi Bompai ko Sharada ko Challawa neman aikin masana'anta. Lebura ba bawa ba ne. Yana da lada, kuma in an tashi ya tafi gida. In an hana shi waɗannan biyu fa?

Ga abin da ya faru. A Yuni 2020, lokacin cutar korona, 'yan sanda suka shiga wata masana'antar shinkafa a Challawa. Suka fito da ma'aikata fiye da 100. Ma'aikatan sun ce wata uku ke nan an kulle su ciki, ba su ga iyalinsu ba, wanda ya nemi fita a ce ya rasa aikinsa.

Saboda haka in ɗanka zai tafi aiki birni, ya tambayi nawa ne ladan, da ranar biya, da lokacin tashi. In an miƙo masa takarda, kada ya dangwala yatsa sai ya karanta. Kai ma in ka ɗauki ɗan ƙodago a gonarka, yaushe kake biyansa? Attaura ta umarci Bani Isra'ila su biya talaka ladansa kafin rana ta faɗi.