Maganin Kitsen Jini Ba Ya Wanke Guba

Ana roƙon Hakimai da magatakardansu su sanar da dagatai da masu unguwa wannan magana. Ƙwayoyin kitsen jini, irin su Simvastatin, aikinsu rage kitsen da hanta ke yi, wanda kan toshe hanyoyin jini. Ba sa fid da guba daga jiki. Wannan aikin hanta da ƙoda ne.

Saboda haka, in manomi a ƙasar Kafur ya yi feshin maganin ƙwari, sa'an nan aka ga yana zufa, da dalalar miyau, da amai, kada a ba shi ƙwayar nan, ko madara, ko manja. A tuɓe masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a hanzarta kai shi asibitin Malumfashi tare da kwalbar maganin. Jinkiri kan jawo hasarar rai.