Darasi na 9: Renon Barkono a Tsakar Gida

Ba wanda zai koya muku barkono. Uwargida ta san attarugu da ƙamshinsa tun kafin ta kwance leda. Ta san shambo mai tsawo, ta san tattasai da ke ba miya ja da kauri, ta san ƙananan barkonon nan da ake shanyawa a daka yaji da su. Da yawa daga cikin maza kuma manoma ne, wasu har lambu sun yi a fadama. Abin da muke so a wannan darasi shi ne kowane gida ya samu gindi 5 ko 10 a cikin buhu, ko tsohon bokiti, ko fasasshiyar tukunya, don ranar da kayan miya suka yi tsada kada a ci miya lami.

Maganar iri ba ta da tsawo. A zaɓi ɗan da ya nuna sosai, babu tabo babu ruɓa, domin irin ɗanyen barkono bai ƙosa ba. A tsaga, a fitar da iri, a shanya shi a inuwa kamar mako guda. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko ya ɗauki jariri. Idan iri ya bushe a naɗe kowane a takardarsa, a rubuta sunansa a kai: attarugu, shambo, tattasai. Irinsu ya yi kama da juna ƙwarai, ga shi kuwa yanzu kun iya rubutu.

Ƙasar reno ita ma kun san ta: ƙasa mai kyau kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. A huda gindin mazubi wuri da yawa. A zuba iri a rufe shi da ƙasa kaɗan, kada zurfin ya wuce faɗin farce, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, a yayyafa ruwa.

To, a nan ne ake yin ɓarnar, kuma saboda ita aka rubuta wannan darasi. A tsakar gida, yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe barkono. Ku sake karanta wannan layi da ƙarfi.

Barkono yana da nawar fitowa. Shambo da tattasai sukan ɗauki kwana 7 zuwa 14. Attarugu yakan kai mako 3, a sanyin hunturu ma ya wuce haka. Mutane ba sa iya wannan jira. Da an kwana huɗu ba a ga kome ba, sai a ce ruwa ne bai isa ba. Ga yadda abin yake faruwa a gidaje da yawa.

Da asuba maigida ya idar da alwala, sai ya juye sauran ruwan buta a kaskon iri. Hantsi ya yi, uwargida ta gama wanke-wanke, ta duba kasko, ta watsa masa ruwan ɗauraya. Amarya ta fito da ruwan da ta wanke shinkafa.

"Yaya, an ba shukar nan ruwa kuwa?"

"Na ɗan watsa mata ɗazu, amma ƙara, ai rana ta yi zafi."

Ta ƙara. Yara suka dawo daga makaranta, ƙaramin ya ɗauko gwangwani yana cewa shi ma sai ya shayar da barkonon Baba. Ya cika sau uku, ba wanda ya hana shi, har ana yabonsa da hankali. Da la'asar tsohuwa ta fito daga ɗaki tana dogara sanda, ta leƙa kasko.

"Ku 'yan nan, haka za ku bar abin mutum ya bushe? Miƙo min moɗa."

Da tsiro ya fito, gida ya yi murna kwana biyu. A rana ta uku maigida ya tarar da rabinsu kwance.

"Wa ya bar kaji suka shiga nan?"

"Malam, kaza ba ta zo wurin nan ba, ga kwando a kife a kai."

"To yaran nan ne. Ko kuwa mai irin ne ya cuce ni."

Ba kaza ba ce, ba yara ba ne, irin ma lafiyarsa ƙalau. Da ya tsuguna ya duba da kyau, da ya ga gindin kowane tsiro, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya yi duhu ya sirance kamar zare. Wata cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa, jiƙa take jira. Idan ƙasa ta kwana ta yini cikin laima, sai ta kama gindin tsiro ta ruɓar da shi. Wanda ya riga ya faɗi ba ya tashi. Ban da haka, saiwa tana bukatar iska. Idan ruwa ya cika duk ƙofofin da ke cikin ƙasa, saiwa ta shaƙe ke nan.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, barkonon da ruwa ya yi wa yawa yakan yi yaushi daidai da wanda ƙishirwa ta kama. Saiwarsa ta ruɓe, ba ta iya jan ruwa, ganye ya langaɓe. Mai shi ya gani sai ya ruga ya ƙaro ruwa, ya ƙarasa shi da hannunsa. Haka kuma da tsakar rana ganyen barkono mai lafiya yakan sunkuya saboda zafi, da yamma ya miƙe da kansa. Kada a yanke hukunci da azahar.

Maganin abu biyu ne. Na farko, mutum ɗaya tak ke ba da ruwa a gida. A naɗa shi, kowa ya sani, har tsohuwa a roƙe ta da girmamawa ta bar masa aikin. Na biyu, kafin ya zuba, ya tsoma yatsa a ƙasa har gaɓa ɗaya. In ya ji sanyi, ƙasa ta manne masa a yatsa, ya ajiye buta. In ya ji ta bushe, ya yayyafa da safe. Kafin iri ya tsiro, ƙasa ta zauna da ɗan danshi kawai, ba caɓi ba. Da zarar tsiro ya leƙo a ɗauke ciyawar, a bar shi ya sha hasken safe da iska. In sun fito a cunkushe a rage su. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu kuwa, ko kusa kada ya zo.

Bayan mako 5 ko 6, tsiro ya yi ganye kamar 6, ya isa dashe. A dasa da yamma, a ciro shi da ƙasar gindinsa. Buhu ɗaya gindi ɗaya. In a ƙasa ne, a bar kamu guda tsakaninsu, attarugu a ƙara masa fili don yana baza rassa. Da damina a dasa a kan kunya, kada a dasa a kwari. Ranar dashe a ba shi ruwa ya ƙoshi, daga nan a koma ga dokar yatsa.

Akwai wani hali na wasu maƙwabta da ya kamata a faɗa. Sai mutum ya dasa barkono a bakin makwarara, inda ruwan wanka da na wanki ke taruwa, wai don ya huta da ban ruwa. Barkonon ya yi rawaya ya mutu, ruwan ya kwanta ya tara wa unguwa sauro, sannan ya zo yana cewa ƙasar gidansa ba ta karɓar shuka. An faɗa, an sake faɗa, ba ya ji. Ku dubi Diffa a Jamhuriyar Nijar, wadda ta yi suna da noman tattasai a bakin kogin Komadugu Yobe. Da rani ake noma shi, ana ba shi ruwa ya sha ya tsane. Masu kogi a gabansu ma ba sa barin shi zaune cikin ruwa.

Sauran kulawar ba ta da wuya. A kare shi daga awaki da kaji. A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa, don a nan darɓa da farin ƙuda ke ɓuya. In an gan su a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma. Gindin da ganyensa ya nannaɗe ya tsuke, ya daina girma, a tumɓuke shi a kai nesa kafin ƙwari su kai cutar ga saura. A tsananin zafin bazara fure yakan zube. Inuwa yake so a lokacin, sai a yi masa 'yar rumfa da kara, a rufe gindinsa da ciyawa. Kada a ce za a gyara zubar fure da ambaliya.

Shambo da tattasai sukan fara ba da 'ya'ya wata 2 zuwa 3 bayan dashe, attarugu yakan ɗan ƙara. A riƙa tsinka a kai a kai, hakan ke sa ya ci gaba da fure. Mai son ajiye iri ya raba tattasai da shambo nesa da juna, domin zuma tana kai garin fure daga wannan zuwa wancan, baɗi sai a shuka tattasai ya fito da yaji.

Aikin gida: kowa ya shuka iri biyu, ya rubuta sunansu da ranar shuka a littafinsa. Mako mai zuwa in kun zo aji, kowa zai karanta mana abin da ya rubuta, ya kuma faɗi wanda aka naɗa mai ban ruwa a gidansu.