Satar Ilmi da Amanar Ɗalibi

Ya 'yan'uwa, darasinmu na yau ya shafi ɗiyanmu da ke jami'a, a Yamai ko Say ko wani wuri, waɗanda sai sun rubuta kundin bincike ake ba su takardar shaida. Ku sani, ɗalibin da ya ɗauko maganar wani ko fahimtarsa ya sa cikin kundinsa, bai ambaci mai ita ba, ya ci amana, ko da ya sassauya kalmomi, ko ya fassaro ta daga Larabci zuwa Faransanci. Abin da ke intanet ma yana da mai shi.

Magabata ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai an faɗi wanda aka ji ta daga bakinsa, har Imam Suyuɗi, wanda ya rasu shekara ta 911 bayan hijira, ya wallafa ɗan littafi kan bambancin mawallafi da ɓarawo. A 2011 kuwa, jami'ar Bayreuth ta Jamus ta ƙwace digirin dokta na ministan tsaron ƙasar, Guttenberg, saboda wannan laifi, kuma ya sauka daga muƙaminsa.

To, tun lokacin karatu ɗalibi ya riƙa rubuta sunan mawallafi da shekara da shafi kusa da abin da ya kwafa, domin sau da yawa mantuwa da gaggawar ƙarshen shekara ke jefa shi ciki. Abin da ya ɗauko kalma da kalma ya sa masa alamar zance. Wanda ya faɗa da lafazinsa ma ya jingina shi ga mai shi. Mu iyaye kuma, kada mu biya wani ya rubuta wa ɗiyanmu kundi.