Littafin Hira Da Shakka A Kan Littafin Allah

 

Ya ɗan'uwa, wannan darasi naka ne, kai da kake fita daga Dakata da sassafe zuwa kamfani a Bompai, ko kake ratsa gari zuwa Sharada ko Challawa, kana da Turancinka na sakandare, kana kuma son karatu. Son karatu alheri ne. Yayyenka da iyayenka sun yi zamanin James Hadley Chase da littattafan Pacesetters, amma ba wanda ya rasa barci a kan addininsa saboda su, domin labarin ɓarayi ne da 'yan sanda da soyayya. Abin da ya zo daga baya wani iri ne dabam, watau ƙagaggen labari wanda ya sa rigar tarihi, yana taɓa littattafan da Allah ya saukar.

Mafi shahara a cikinsu shi ne The Da Vinci Code, na wani Ba'amurke Dan Brown, wanda ya fito a 2003, aka yi fim ɗinsa a 2006, aka kuma sayar da kwafi sama da miliyan 80. A cikinsa an ce wai Annabi Isa (A.S.) ya auri Maryamu Magadaliya, zuriyarsu ta ɓuya a Faransa, wata ƙungiyar asiri tana tsaron sirrin. An ce kuma wai Sarkin Rum Kwanstantin ne ya tara limaman coci a Nikiya a shekara ta 325, aka kaɗa ƙuri'a aka mai da Isa abin bauta, aka zaɓi Linjila huɗu daga cikin fiye da tamanin.

To, ga yadda abin yake kama matashi. Ya karanta, ya ji daɗi, ya ce ai ga Bature da kansa ya tona asirin Nasara. Lokacin hutun cin abinci ya tare abokin aikinsa Kirista da wannan magana. Shi kuwa abokin, in mai ɗan karatu ne, sai ya ce: "Ku fa? Ba khalifanku Usman ne ya ƙona Alƙur'anai ya bar guda ɗaya ba? Me ya sa karatun tsangaya ya bambanta da na Islamiyya?" Sai bakin matashi ya mutu. Ya koma gida da abin a ransa, ba ya iya gaya wa babansa, yana tsoron in ya tambayi malam a ce ya kafirta. Wuƙar da ya ara don ya yanki wani, ita ce ta yanke shi.

Ka fara da kwantar da hankalinka

Ka sani, tambaya ta faɗo a zuciya ba kafirci ba ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai wa Manzon Allah (S.A.W.) kukan abin da yake ɗarsuwa a zukatansu wanda suke ganin girman furta shi, sai ya nuna musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce alamar tsantsar imani. Ka duba kuma aya ta 260 a Suratul Baƙara, inda Annabi Ibrahim (A.S.) ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Ba a kore shi ba, nuna masa aka yi. Abin tsoro shi ne ka rufe shakka a ciki kamar miki a ƙarƙashin tsumma, tana ruɓa, kana salla kana jin kamar munafuki.

Mu auna littafin tukuna

Mu Hausawa mun san ƙagaggen labari. Mai tatsuniya in ta gama takan ce ba don gizo ba da ta yi ƙarya, watau ta sallame ka, kada ka ɗauka da gaske. Bello Kagara a cikin Ganɗoki, wanda ya fito a 1934, ya kawo yaƙin Turawa na gaske da sarakuna na gaske, sa'an nan ya wuce da jaruminsa ƙasar aljannu, amma ba wanda ya taɓa neman tarihin zuwan Turawa a wurin aljannun Ganɗoki. Shi kuwa Dan Brown ya buɗe littafinsa da shafi guda da yake cewa abubuwa kaza da kaza gaskiya ne. Nan tarkon yake.

Ƙungiyar asirin nan da ya ce an kafa ta a 1099, a 1956 aka yi mata rajista a wani gari a Faransa, kuma wani mutum mai suna Pierre Plantard ne ya ƙago ta, shi da abokansa suka shirya takardun bogi suka ajiye a babban ɗakin karatu na Paris. Taron Nikiya an yi shi da gaske, garin yana ƙasar Turkiyya, Iznik ake ce masa, amma ba a zaɓi littattafan Baibul a can ba. Rigimarsu a kan maganar wani limami ce, Ariyus, wanda ya ce Isa halitta ne, ba daidai yake da Allah ba. Ƙuri'ar da littafin ya ce da ƙyar aka ci, mutum biyu ne kawai daga manyan limaman suka ƙi sa hannu. Wuce gona da iri a kan Annabi Isa kuwa ya girmi Kwanstantin nesa, yana nan cikin wasiƙun Bulus tun fiye da shekara 250 kafin taron. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari, kamar yadda yake hannunsu yau, a wasiƙar Atanasiyus ta shekara ta 367 ya fara bayyana cif.

Kada ka ce ina kare Nasara. Abin da muka yi imani da shi game da canjin da ya shiga littattafan da suka gabata, daga Alƙur'ani muka samo shi, duba aya ta 79 a Baƙara da ta 13 a Ma'ida. Ba ma bukatar aron ƙarya mu tallafi gaskiya, kuma aya ta 8 a Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Ban da haka ma, littafin da kake zaton yana bayanka ya tafi a kan cewa an gicciye Isa, abin da aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta ƙaryata. Yana yabon bautar gumaka mata, jarumin nasa kuma ya fito fili ya nuna cewa kowane addini a kan ƙage aka gina shi. Kowane fa, har da naka.

Na biyunsa shi ne The Satanic Verses na Salman Rushdie, 1988. Wannan a kan ƙissar garaniƙ ya hau, wadda take cewa wai Shaiɗan ya jefa yabon gumaka a karatun Suratun Najmi. Ba Rushdie ne ya ƙago ta ba, tana cikin Tarihin Ɗabari da Ɗabaƙat na Ibnu Sa'ad. Amma Bukhari ya kawo sujadar da aka yi a ƙarshen surar ba tare da wannan ƙari ba. Ibnu Kasir ya ce hanyoyinta mursalai ne, watau sarƙar ba ta kai ga sahabin da ya halarta ba. Alƙali Iyal ya rushe ta a cikin Ashafa, littafin nan da ake karantawa a masallatan Kano da azumi. Ibnu Hajar ya ga yawan hanyoyin yana nuna tana da asali, amma ya yi mata fassarar da ba ta taɓa tsarkin wahayi ba. Albani ya yi mata littafi sukutum yana bin isnadinta ɗaya bayan ɗaya. Ka ga ashe abin da aka kawo maka a matsayin ɓoyayyen sirri, malamanmu sun fi shekara dubu suna tattauna shi a fili, da sunan kowane mai ruwaya.

Ƙona mus'hafai

Yanzu ga tambayar abokin aikinka. E, Sayyidina Usman ya ba da umarnin ƙonawa. Wa ya gaya wa duniya? Bukhari ne, a babin falalar Alƙur'ani. Ba wani Bature ne ya tono ba.

Ga yadda aka yi. A yaƙin Yamama, zamanin Sayyidina Abubakar, mahaddata da yawa sun yi shahada. Umar ya ba da shawara a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu, ɗaya daga marubutan wahayi, ya bi abin da aka rubuta a ɓawon dabino da fararen duwatsu da abin da yake ƙirazan mutane. Takardun suka zauna wurin Abubakar, sa'an nan Umar, sa'an nan Hafsatu Uwar Muminai. Tsakanin shekara ta 25 da ta 30 bayan hijira, Huzaifa ɗan Yamani ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan a tsorace, domin ya ga mutanen Sham da na Iraƙi suna jayayya a kan karatu. Usman ya aro takardun Hafsatu, ya sa mutum huɗu su kwafa: Zaidu, da Abdullahi ɗan Zubairu, da Sa'idu ɗan Asi, da Abdurrahman ɗan Harisu. Aka aika kwafi zuwa manyan birane, aka mayar wa Hafsatu nata, aka ƙona rubuce-rubucen da mutane suka yi wa kansu. Abdullahi ɗan Mas'udu bai ji daɗin wannan ba da farko, ya kuma faɗa, malamanmu suka rubuta maganarsa ba su ɓoye ba.

Tsaya ka yi tunani a nan. Wuta takarda take ci, ba ta cin hadda. A lokacin akwai dubban mutane da suke karanta shi a salla dare da rana. Da an cire sura ko an ƙara, wa zai yi shiru? An kashe Usman a shekara ta 35. Sayyidina Ali ya hau, ya zauna a Kufa, garin da almajiran Ibnu Mas'udu suke, bai canja harafi ba. Musulmi suka rabu, aka zub da jini tsakanin Khawarijawa da 'yan Shi'a da Banu Umayya, kowa yana neman abin da zai soki ɗan'uwansa da shi, amma yau ka shiga masallaci a Tehran ko Maskat ko Fagge, mus'hafin ɗaya ne.

Warshu da Hafsu

Wannan kam a gidanku amsar take. Kakanka a tsangaya da ruwayar Warshu daga Nafi'u na Madina ya yi karatu. Kai a Islamiyya da ruwayar Hafsu daga Asimu na Kufa ka yi, wadda bugun Alƙahira na 1924 ya ƙara yaɗa ta. A Fatiha shi yana cewa maliki a gajarce, kai kana jan mim ɗin. Rubutun zamanin Usman ba shi da ɗigo ba shi da wasali, kalmar kuma an rubuta ta yadda ta ɗauki karatun biyu, kowane kuma an karɓe shi baki da baki har zuwa ga Annabi (S.A.W.). Tun yana raye Umar ya kama Hishamu ɗan Hakimu a kan karatun Suratul Furƙan, suka je gabansa, ya saurari kowa ya tabbatar da karatunsa, ya sanar da su cewa a kan haruffa bakwai aka saukar da Alƙur'ani. Bambance-bambancen nan a ƙidaye suke, Ibnu Mujahid da Ibnul Jazari sun tsara su. Maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina tana buga Hafsu tana buga Warshu. Alaramman da yake rubuta Alƙur'ani da ka, ba ya duban takarda, in ya yi kuskuren ɗigo ɗaya gwanaye za su kama shi. A Musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana zamewa alƙalai za su tsai da shi.

Har fatun da suka kwana a ƙasa sun yi magana. A 2015 Jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar da ganye biyu masu ɗauke da sassan Kahfi da Maryam da Ɗaha, gwajin kimiyya a Oxford ya sa fatar tsakanin 568 da 645 Miladiyya. A kula, fatar aka gwada, ba tawadar ba, kada ka ƙara gishiri. Amma nassin shi ne wanda kake karantawa. A 1972 kuma an sami tarin tsofaffin fatu a Babban Masallacin San'a na Yaman. A cikinsu akwai wanda aka kankare rubutun farko aka yi wani a kai. Na saman ya dace da mus'hafin Usman. Na ƙasan yana da bambancin wasu kalmomi da jerin surori, irin wanda Ibnu Abi Dawud ya riga ya ambata game da mus'hafan sahabbai a Kitabul Masahif. Masu son ruɗa ka za su tsaya a rabin maganar. Cikonta shi ne, abin da aka tono ya gaskata labarin da malamanmu suka bayar tun farko: akwai rubuce-rubucen ɗaiɗaikun mutane, sa'an nan al'umma ta haɗu a kan guda.

A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a Kano saboda tarbiyya. Ko me mutum zai ce a kan wannan, shakka ba ta ƙonuwa da ashana, balle yanzu da littafin yake cikin wayarka. Saboda haka in wata magana ta tsaya maka, rubuta ta a takarda kamar yadda ta zo, ka tambayi kanka wa ya faɗa, daga wa ya ji, kamar yadda aya ta 6 a Hujurat ta koyar. Sa'an nan ka kai ta wurin malamin da ya karanci ulumul Ƙur'an, ba kowane mai wa'azi ba, ka nemi ya buɗe maka Bukhari da Itƙan na Suyuɗi ka gani da idonka. Malamin da ya zage ka don ka yi tambaya, ka yi masa sallama da ladabi ka nemi wani.

Shi kuwa abokin aikinka, gobe in kun zauna cin abinci, ka gaya masa ka bar kafa hujja da Dan Brown domin ka gano ƙarya ce a ciki, sa'an nan ka ba shi labarin Zaidu da Hafsatu da Huzaifa daki-daki, cikin kyakkyawar magana irin wadda aya ta 46 a Ankabut ta yi umarni da ita.