Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

 Darasinmu na wannan wata a kan shugabanci ne. Misalin da za mu duba ya fito daga ƙasa mai nisa, wato Kanada, daga wata ƙungiya mai kiyaye namun daji. Kafin a fara, sai mai jagora ya sa a karanta Luka 19:1-10 da Maimaitawar Shari'a 22:6-7.

Laifin da aka yi a baya

Tun kafin Turawa su shiga Kanada akwai mutane a ƙasar, da harsunansu da shugabanninsu. Su ake kira 'yan asalin ƙasa. A shekarar 1899 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wasu daga cikinsu a yammacin ƙasar. Ta yi musu alkawari za su ci gaba da farauta da kamun kifi yadda suka saba.

Amma ba a riƙe su da amana ba. An ƙwace yara wajen 150,000 daga hannun iyayensu, aka kai su makarantun kwana, aka hana su magana da harshensu. Da yawa sun mutu a can. Abin baƙin ciki, ikkilisiyoyi ne suka tafiyar da yawancin makarantun nan. Masu kiyaye daji su ma suna da nasu laifin. Bayan an kafa gandun daji na Banff a 1885, an hana mutanen Nakoda farauta a dajin kakanninsu.

Daga baya aka kafa hukumar faɗin gaskiya da sulhu. Ta saurari dubban mutane, ta ba da rahotonta a 2015 tare da shawarwari 94, wasu daga ciki don ikkilisiyoyi. A 2022 Paparoma Francis ya je Kanada ya roƙi gafara. Roƙon gafara abu ne mai kyau. To, bayan roƙon gafara sai me?

Labarin karibu

Karibu wata irin babbar barewa ce ta ƙasashen sanyi, mai ƙaho da rassa. A duwatsun lardin Biritish Kolombiya akwai al'ummu biyu na 'yan asalin ƙasa, West Moberly da Saulteau. Kakanninsu sun rayu da naman karibu da fatarsa.

A shekarun 1960 aka gina wata babbar madatsar ruwa, ruwa ya shanye kwarin da dabbobin suke bi. Aka shiga sare itatuwa, da haƙar gawayin ƙasa, da fasa hanyoyi cikin daji. Inda aka sare daji sai ɗanyen ganye ya tsiro, waɗansu namun daji suka yawaita, kyarketai suka biyo su. Hanyoyin da aka fasa kuma suka sauƙaƙa wa kyarketai kaiwa har inda karibu suke haihuwa.

Da dattawan West Moberly suka ga haka, tun a shekarun 1970 suka hana mutanensu farautar karibu. Ba gwamnati ce ta sa su ba. Duk da haka garken da ake kira Klinse-Za ya yi ta raguwa. Daga wajen 250 a shekarun 1990, sai ga shi a 2013 saura 38 kawai.

Al'ummun biyu ba su zauna jiran kowa ba. Suka haɗa kai, suka kafa ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, mai suna Nîkanêse Wah tzee. Su ne masu ita. Suka kira masanan dabbobi su yi aiki tare da su. Daga 2014 suka fara wani aiki mai wuya. A watan Maris akan kama matan karibu masu ciki, a ɗauke su da jirgi mai saukar ungulu zuwa wani babban shinge a kan dutse. Masu gadi daga al'ummun biyu suna kwana a wurin dare da rana. Ana tsinko irin gansakukar da karibu suke ci da hannu, a kai musu. Sai 'ya'yan sun yi ƙwari sannan a sake su tare da iyayensu. An kuma rage yawan kyarketai a yankin.

A 2021 garken ya kai 101. A 2020 kuwa al'ummun biyu sun sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin lardi da ta tarayya, aka keɓe daji kusan murabba'in kilomita 8,000 domin karibu. Begensu shi ne wata rana jikokinsu su sāke farautar karibu, kamar yadda aka yi wa kakanninsu alkawari. Wannan adadi bai kai ga haka ba, aikin na shekaru da yawa ne.

Abin da muka koya

1. Sulhu yana tafiya da mayarwa. Zakka bai tsaya ga nuna baƙin ciki ba. Ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Abin da aka ƙwace wa 'yan asalin Kanada ba ƙasa kaɗai ba ce, har da ikon yanke shawara a kanta. Saboda haka shugaban ƙungiyar da ke cewa tana neman sulhu dole ya mayar da wannan ikon. Kiran dattawa taro, a ba su abinci, a ɗauke su hoto bayan an riga an gama shirin a ofis, wannan ba sulhu ba ne.

2. Mai ilimin boko ma'aikaci ne, ba mai gida ba. Aikin karibu ya bukaci masana masu ƙirga dabbobi da duba lafiyarsu. Amma dattawa ne suka fara ganin matsalar, shekaru da yawa kafin aikin ya soma. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Shugaba nagari yakan haɗa sanin biyu, ba ya rena ɗaya.

3. A fara da kame kai. Mutanen West Moberly sun bar naman da suka gāda, alhali ba su ne suka ɓata dajin ba. Shi ya sa maganarsu ta yi nauyi a gaban gwamnati. Allah ya umarci Isra'ila, wanda ya sami sheƙar tsuntsu kada ya kama uwar tare da 'ya'yan. Wanda ya kashe uwa ya cinye rabon baɗi.

4. Shugaba ba ya gudun magana mai ɗaci. Akwai masu son dabbobi da ba su ji daɗin kashe kyarketai ba. A 2019 kuma waɗansu maƙwabta masu aikin katako sun ji tsoron rasa abincinsu, tarurruka suka yi zafi, har aka zagi 'yan asalin ƙasa. Shugabannin ba su janye ba, ba su kuma bar teburin shawara ba.

Mu ma'aikatan raya karkara wannan darasi ya fara taɓa mu. Sau da yawa mukan zo ƙauye da shiri a rubuce, da kuɗi a hannu, da ranar gamawa. Mukan ce kwamitin gari ne mai aikin, amma littafin kuɗi yana jakarmu. In mun tafi, rijiya ta lalace, itatuwan da aka dasa awaki su cinye, domin tun farko ba na mutanen ba ne. Muna roƙonku, in kun ga muna haka, ku faɗa mana.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne namun daji da tsuntsaye ne dattawanmu suka sani a nan waɗanda yaranmu ba su taɓa gani ba? Me ya kore su?

2. Wace doka kakanninmu suke da ita a kan lokacin farauta, da su, da ƙona daji? Wace ce za mu iya rayarwa?

3. A ayyukan da ƙungiyoyi suka kawo garinmu, wa yake yanke shawara, wa yake riƙe da kuɗi? Akwai mata da matasa a ciki?

4. Akwai wata gona, ko burtali, ko mashaya da aka ƙwace wa wani a yankinmu? Me Zakka zai yi da ita?

Addu'a

A yi addu'a domin 'yan asalin Kanada da ikkilisiyoyin da suka yi musu laifi, Allah ya kawo warkarwa ta gaskiya. A yi addu'a domin masu unguwanninmu da dattawan ikkilisiya da mu ma'aikata, Ubangiji ya ba mu tawali'u mu saurara, da ƙarfin hali mu mayar da abin da ba namu ba. Amin.